Yadda za ku raba izini a asusun kirifto na haɗin gwiwa

Idan ku biyar ne kuka haɗa jari a kasuwar Jega kuka ajiye shi a USDT, wato kuɗin intanet (kirifto) mai bin darajar dalar Amurka, kada kalmomin sirri 12 da ke buɗe asusun su zauna a hannun mutum ɗaya, ko da wanku ne ciki ɗaya. Wanda ya san su zai iya kwashe komai a minti ɗaya, kuma abin da ya fita a kirifto ya fita ke nan. Masu tura kalmomin ga kowa a WhatsApp kuwa sun fi shiga haɗari.

Da farko ku zauna ku rubuta a takarda wa zai yi me. Mutum uku su zama masu sa hannu, misali shugaba, ma'aji da wani dattijo da kowa ya yarda da shi. Sakatare ya riƙa shigar da buƙatar biya amma ba shi da ikon sakin kuɗi. Sauran a ba su adireshin asusun kawai, wato lambar da ake turo kuɗi ta ita, su riƙa ganin shiga da fita.

Sai ku buɗe asusu mai buƙatar hannu fiye da ɗaya. Manhajar Safe na yin haka a tsarin kirifto na Ethereum da ire-irensa, manhajojin BlueWallet da Sparrow na yi wa Bitcoin, masu amfani da tsarin Tron kuma suna da sashen izini a manhajar TronLink. Kowane mai sa hannu ya ƙirƙiri makullinsa a wayarsa, ya rubuta kalmominsa a takarda ya ɓoye a gida. Ku zaɓi 2 cikin 3, wato kuɗi ba za su fita ba sai biyu cikin ukun sun sa hannu. Ban ba ku shawarar 3 cikin 3 ba, domin ranar da wayar ma'aji ta faɗa ruwa a Yauri bai adana kalmominsa ba, ko ta Allah ta kasance, kuɗin kowa sun maƙale. Da 2 cikin 3, biyun da suka rage za su ceto dukiyar.

Ƙananan kashe-kashe kamar kuɗin mota da na lodi, Safe na ba da damar yanka wa ma'aji abin da zai iya fitarwa kullum shi kaɗai.

Kafin ku zuba jarin, ku gwada da ɗan kaɗan, ya shiga ya fita.

Abin da na fi jin tsoro shi ne sa hannu ido rufe. A Fabrairun 2025 an sace wa kamfanin hada-hadar kirifto na Bybit kusan dala biliyan 1.5 duk da suna da wannan tsarin, saboda masu sa hannu sun amince da abin da fuskar kwamfuta ta nuna musu, alhali an sauya shi. Don haka kafin a biya, mai sa hannu na biyu ya kira na farko: "Alhaji, karanto mini adireshin da adadin." Ya duba harafi bayan harafi.

Wanda ya bar haɗin gwiwar, a cire makullinsa a ranar. A Safe sauyawa kawai ake yi, amma a Bitcoin sai kun buɗe sabon asusu kun mayar da kuɗin can.