Kurakuran da matafiyanmu ke yi a gidajen abincin Sinawa, daga taliyar jatan lande zuwa dim sum

Duk wanda sari ko karatu ya kai shi Guangzhou, ko Hong Kong, ko ya ratsa ta Maleshiya da Singafo, wata rana sai abokin hulɗa ya gayyace shi cin abinci. A irin wannan zama mutanenmu kan rabu gida biyu. Wani yana ganin jatan lande a kwano sai ya ce ai abin ruwa ne, ya yi bisimilla ba tambaya. Wani kuma tsoro ya hana shi taɓa komai, har ya dawo gida bai san abin da ƙasar ke ci ba. Duka biyun suna da gyara, amma na farkon ya fi damuna, don haka da shi zan fara.

Jatan lande halal ne a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, wannan ba a ja. Matsalar tana cikin romo da mai. Taliyar jatan lande da ake sayarwa a Penang ta Maleshiya da Singafo, wadda asalinta ke komawa ga mutanen lardin Fujian, daɗinta duk yana cikin romonta. Ana soya kawuna da ɓawon jatan landen har su yi ja, a tafasa su sa'o'i, kuma a girkin gargajiya tare da ƙasusuwan alade ake tafasawar. Sau da yawa ana ɗora yankan naman alade ko haƙarƙarinsa a sama, a barbaɗa soyayyen kitsensa. Sai ka ga mutum ya ce a cire masa naman kawai, ya zauna ya sha romon hankalinsa kwance, alhali abin da yake gudu tuni ya narke a ciki. Gyaran shi ne ka nemi rumfar da ke da takardar shaidar halal: ta hukumar JAKIM a Maleshiya, ta hukumar MUIS a Singafo. Malayawa Musulmi suna da tasu da suke kira mee udang, mai romo ja mai kauri da manyan jatan lande, ba alade a cikinta.

Haka abin yake a Guangzhou da Hong Kong game da taliyar wonton. Ƙananan ƙulle-ƙullen da ke yawo a cikin romon za ka hango jatan lande ta cikin fatarsu, amma galibi da niƙaƙƙen naman alade aka haɗa shi.

Dim sum shi ne inda ido ya fi yaudarar mutum. Abincin mutanen Guangdong ne, lardin da Guangzhou take, ƙananan loma-loma da ake turarawa a kwandunan gora, uku ko huɗu a kowane kwando, ana ci ana shan shayi. Ɗauki har gow ka duba: fatarsa fara ce garai-garai, an yi ta da sitacin alkama, an nannaɗe bakinta ƙanana-ƙanana, jatan landen na ciki yana nuna launinsa ja-ja. Babu abin da ya fi shi kama da tsarkakakken abin ruwa. Amma masu girki da yawa suna sa ɗan kitsen alade a haɗin don ya yi taushi da maiƙo. Siu mai, mai buɗaɗɗen kai da fata rawaya, yawancinsa naman alade ne. Char siu bao alade ne zalla a cikin farin burodi. Shinkafar nan mai danƙo da ake naɗewa a ganyen bado, ko da an ce ta kaza ce, akan sa mata busasshen tsiran alade na Sinawa, haka ma wainar radish, wata farar saiwa mai kama da karas, da ake soyawa. Har ɗan kek ɗin ƙwai na bayan abinci, ɓawonsa kan zama da man alade aka murza. Akwai kuma wani yaji mai tsada da ake kira XO, wanda aka ƙirƙiro a Hong Kong a shekarun 1980. Daga wata giya mai tsada aka aro sunansa, ba a sa masa ita, amma ana sa masa busasshiyar cinyar alade.

Shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya je gidan dim sum na gama-gari yana tsince-tsince. Gara ka je inda aka yi shi domin Musulmi. A Hong Kong akwai ɗakin cin abinci na Cibiyar Musulunci da ke ginin Masallacin Ammar a unguwar Wan Chai, inda ake yin dim sum da kaza da naman sa. A Guangzhou akwai Huimin Fandian, tsohon gidan abincin Musulmi mai girki irin na Guangdong, ba nisa da Masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan ƙasar Sin. Ka tafi da safe. Dim sum abin safiya ne zuwa azahar, wanda ya je da daddare sau da yawa sai ya tarar an koma wani jerin abincin daban.

Wani kuskuren kuma shi ne neman rubutun Larabci a jikin allo. A 'yan shekarun nan an cire rubutun Larabci daga allunan shaguna a birane da dama na Sin, saboda haka ka haddace haruffa biyun nan: 清真. Ana karanta su qingzhen, su ne alamar halal. Ka kuma san cewa idan aka rubuta rou, wato nama, ba a faɗi na wace dabba ba, to alade ake nufi. Na sa niurou ne, na rago yangrou, na kaza jirou. Cewa "wo bu chi zhurou", ba na cin naman alade, ba ta wadatar ba, domin mai girki zai ɗauka tsokar kaɗai kake nufi. Ka tambayi zhuyou, man alade, ka tambayi liaojiu, giyar girki da ake yayyafawa a kusan kowace suya don kashe ƙarni, har a kifi da ganye. Ka sa a rubuta maka waɗannan a waya ka riƙa nunawa, don lafazinmu ba kasafai suke gane shi ba. Sannan kaza ko sa a gidan da ba na Musulmi ba, maganar yanka tana nan daram.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren. Mutum ya sauka a unguwar Xiaobei ta Guangzhou, ya yi ta cin shinkafa da kaza a wajen 'yan Afirka da Larabawa, ya ɗauka abincin Sinawa duk haram ne. Wannan asara ce babba. Ƙasar tana da miliyoyin Musulmi, 'yan ƙabilar Hui da Uygur da wasunsu, masu girki na ƙarni da ƙarni. Kusan kowace unguwa akwai shagon taliyar Lanzhou, kuma yawancinsu na Musulmi ne. Tsaya ka kalli mai jan taliyar: ya ɗauki curin kwaɓi, ya miƙe hannuwa, ya ninka, ya sake ja, ya buga a kan tebur, kafin ka ƙifta ido ya zama zare-zare ya faɗa tukunya. Romon naman sa ne garau, da yankan farin radish, da jan man barkono, da ɗanyen ganye a sama. Kai ne za ka zaɓi kaurin taliyar. Kuskuren da ake yi da ita ɗaya ne, a bar ta ana hira ko latsa waya. Taliyar romo minti kaɗan take yi ta kumbura ta saki, don haka da zafinta ake ci. Haka shi ma har gow, da ya huce fatarsa ta yi tauri.

Sai yadda ake oda. A teburin Sinawa ba kowa da farantinsa ba, kamar dai yadda muke zagaye tire ɗaya a gida. Ana jera kala-kala a kan faifan gilashi mai juyawa, kowa ya ɗiba kaɗan a ɗan kwanonsa. Idan ku huɗu kuka yi odar abu iri ɗaya sau huɗu kun cuci kanku. Ku haɗa kifi, da nama, da ganye, da miya. Shinkafa sai an nema, kuma takan zo a ƙarshe. Kada ka juya faifan wani yana cikin ɗiba. Wanda ke son yaji ya sani girkin Guangdong ba shi da zafi, burinsa a ji ɗanɗanon abin da kansa, sai ya nemi man barkono a gefe. Na lardin Hunan ne mai zafin gaske, na lardin Sichuan kuma yana da wani ƙwayar yaji da ke sa leɓe ya yi zugi kamar ya mutu, ba lalacewa abincin ya yi ba.

A Guangdong za a kawo maka butar shayi da wata babbar roba tun kafin abinci. Ba na sha ba ne zubin farko, kuma ba na wanke hannu ba ne: kofi da kwano da sandunan cin abinci ake ɗaurayewa, a juye ruwan a robar. In za ka zuba shayi ka fara da na kusa da kai, musamman manya, naka ya zo a ƙarshe. In an zuba maka, ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan ba tare da ka katse mai magana ba. In buta ta ƙare, ka ɗage murfinta ka bar shi a karkace, ma'aikaci zai gani ya ƙaro ruwan zafi. Kada ka soke sanduna a tsaye cikin shinkafa, domin yana tuna musu turaren da suke kunna wa mamata. In sandunan sun gagare ka, nemi cokali, ba wanda zai ga laifinka.

Wajen kuɗi nan ma ana shan mamaki. A babban yankin Sin, farashin kifi da jatan lande masu rai ana rubuta shi ne a kan ma'aunin jin ɗaya, wato giram 500, ba kuɗin farantin ba ne. Ka tsaya a auna a gabanka, ka ji jimilla kafin a kai kicin. Ana cajin kuɗin shayi a kan kowane mutum ko bai sha ba, wani wurin har da ƙunshin tishu da ɗan abin taɓawa da aka ajiye ba ka nema ba. In ba ka so ka ce a ɗauke tun farko. A babban yankin Sin ba a ba ma'aikaci ihisani bayan biya, a Hong Kong kuwa yawancin gidajen abinci suna ƙara kashi 10 cikin 100 na hidima. Ka haɗa manhajar biyan kuɗi ta Alipay ko WeChat Pay da katinka tun kafin ka fita, domin a wurare da yawa da waya ake oda kuma da ita ake biya. Idan Basine ne ya gayyace ka, shi zai biya, kuma kawo maganar raba kuɗi zai sosa masa rai. Ka nuna niyyar biya, ka bar shi ya rinjaye ka, sannan ka gayyace shi wani zaman a gidan abincin Musulmi da ka zaɓa da kanka.