Babi na 6: Karanta Takardar Gwajin Jini Kafin Aure

Darasi na ɗaya: Haruffa biyu

Ku ɗauko takardar da aka ba ku a ɗakin gwaji. Kada yawan Turancin da ke jikinta ya tsorata ku, haruffa biyu kacal muke nema. Ku ɗora ɗan yatsa a layin farko, ku yi ta saukowa har ku kai inda aka rubuta Genotype ko Hb. A gabansa za ku ga ɗaya daga cikin waɗannan: AA, AS, AC, SS, SC ko CC. Ku kwafe su a littafinku sau uku, kuna faɗar kowane harafi da ƙarfi. Wanda S ɗinsa ta juya baya, ya goge ya sake, ba komai, hannu ne bai saba ba.

A takardar nan sau da yawa akwai wani layin mai A, B, AB ko O, da alamar + ko − a gefe. Wannan rukunin jini ne, amfaninsa ranar da za a yi wa mutum ƙarin jini. Ba shi muke nema ba. Mutum na iya zama O kuma yana ɗauke da sikila.

Harafi ɗaya daga uba yake zuwa, ɗaya daga uwa. A shi ne sinadarin jini da aka saba da shi. S kuwa yana sa jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120. Daga nan ciwon ƙashi, ƙarancin jini da rawayar ido suke samo asali. Mai SS ko SC shi ne mai ciwon sikila. Mai AS yana harkokinsa lafiya, amma yana iya miƙa wa ɗansa S ɗin. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Harafin C, wani nau’in sinadarin jini ne da ya bambanta da A da S, ya fi yawa a arewacin Ghana da Burkina Faso. Tunda sai kowane ɓangare ya ba da harafi, a daina ɗora wa uwa laifi ita kaɗai.

Darasi na biyu: Kwano biyu

Nan ne aka fi tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Ku samo kwano biyu da guntun takarda huɗu. Ku rubuta A a biyu, S a biyu, ku nannaɗe su. Kwanon miji ya samu A ɗaya da S ɗaya, kwanon mata ma haka. Kun haɗa auren AS da AS ke nan.

Ku rufe ido, ku zaro takarda ɗaya daga kowane kwano. Ku buɗe, ku rubuta haruffan a jere. Wannan ciki ɗaya ne. Yanzu ku mayar da kowace takarda kwanon da ta fito, ku girgiza. Ku mayar da su, in ba ku mayar ba aikin ya ɓaci. Ku yi haka sau 20. Idan aka haɗa na ’yan aji duka, za a ga kusan rabi AS ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu AA, kusan kashi ɗaya cikin huɗu SS.

To, me ya sa ake mayar da takardun? Domin uban da ya ba ɗan fari S bai rabu da ita ba, tana nan a jikinsa, haka ma uwar. Kowane ciki lissafi ne sabo. Ɗaya cikin huɗu ba ya nufin cikin ’ya’ya huɗu ɗaya ne kawai zai yi sikila. Yana nufin a kowane ciki, na fari ne ko na takwas, damar SS ɗaya ce cikin huɗu. Ku duba littafin na kusa da ku. Za a samu wanda ya zaro SS sau biyu ko uku a jere, da wanda ya yi sau bakwai bai gan ta ba. Haka gidaje suke.

Ana yawan jin wannan maganar: “Mun riga mun haifi mai sikila ɗaya, sauran ukun lafiya lau za su zo.” Kuskure ne. Ana kuma cewa: “’Ya’yanmu uku ƙalau suke, ashe mun tsira.” Shi ma kuskure ne. Ku faɗa tare: kowane ciki, ɗaya cikin huɗu. Ku sake faɗa. Madalla. Haba jama’a, wanda har yanzu yake zaro takarda yana ajiyewa a gefe, ya koma farkon darasin nan, domin kan wannan ɗan kuskuren ake ɗaura auren da yara ke kwana suna kukan ƙashi.

Yanzu ku canza kwanon miji ya zama A da A. Ku zaro ku mayar yadda kuka ga dama, SS ba za ta fito ba. Idan AS ne da AC, damar SC ɗaya ce cikin huɗu a kowane ciki. Idan SS ne da AS, damar SS rabi ce, ita ma a kowane ciki. SS da AA kuwa duk ’ya’yansu AS ne.

Darasi na uku: Inda gwaji ke kuskurewa

Ku nemi gwajin da ake kira ilektiroforesis, shi ke fitar da haruffan biyu. Akwai wani mai araha da ke nuna ko akwai S kawai, ba ya raba AS da SS, ba ya ganin C. Wanda aka yi wa ƙarin jini ya jira wata uku, don jinin wani na iya ɓad da sakamakon. Ya fi kyau a gwada a wuri biyu, kuma tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a 2024. Mai sayen takardar ƙarya don a ɗaura masa aure, ya ji tsoron Allah, jaririn ne zai biya.

Darasi na huɗu: Gadon da ba ya bin kwano

Ba kowace cuta ce ke bin wannan lissafin ba. Akwai wadda likitoci ke kira MS, inda garkuwar jiki ke cinye murfin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Ta fi yawa a Turai da Kanada, ta kuma fi kama mata. Binciken 2019 ya gano wurare fiye da 200 a ƙwayoyin gado da ke ƙara haɗarinta kaɗan-kaɗan, amma ko tagwaye masu kama ɗaya, galibi idan ɗaya ya kamu ɗayan ba ya kamuwa. Gwajin kafin aure ba ya nuna ta. Wani bincike na Turai a 1998 ya nuna tashin ciwon na raguwa a wata ukun ƙarshe na ciki, ya ƙaru a wata ukun bayan haihuwa. Mai ita tana iya haihuwa, amma ta ga likita kafin ta ɗauki ciki, don wasu magungunan sai an canza su.

Darasi na biyar: Jariri

Alamun sikila kan fara bayyana wajen wata shida, sau da yawa da kumburin hannu da ƙafa. A sa yaro a gidan sauro, a yawaita ba shi ruwa, a cika masa rigakafi. Idan zazzaɓi ya kama shi, a kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne.