Yadda za ka zaɓo 'yan ƙwallon makaranta a Zariya

1. Ka fara da ofishin wasanni na makarantar, ka nemi izini da fili. Idan Jami'ar Ahmadu Bello ce, ka tuna ɗalibanta a rarrabe suke tsakanin Samaru da Kongo, sanarwa wuri ɗaya ba za ta wadatar ba.

2. Manna takarda a ɗakunan kwana, ka kuma tura ta zaurukan WhatsApp na azuzuwa, da rana da lokaci.

3. Sa gwajin da sassafe ko bayan La'asar. Ranar Zariya a watan Afrilu ba ta barin kowa ya yi gudu. Kada ya zo daidai da jarrabawa.

4. Kowa ya nuna katin shaidarsa kafin ya taka fili. A nan ake yawan samun matsala: wani gwani daga Tudun Wada ko Sabon Gari zai biyo abokinsa, ya burge kowa, alhali ba ɗalibi ba ne. Gasar jami'o'i ta NUGA ta ɗalibai ce zalla, sai ka ba shi haƙuri tun da wuri.

5. Raba su biyar-biyar, a buga na minti 15. Ni dai ba mai yanka nake dubawa ba. Wanda ya ɗaga kai kafin ya ba da ƙwallo, ya kuma dawo baya in an ƙwace, shi nake rubutawa. Masu tsaron gida a gwada su daban.

6. Maimaita gwajin bayan kwana uku, sannan ka fitar da sunaye 22, mutum biyu a kowane gurbi.