Kurakuran da 'yan Zongo suka fi yi wajen yanke tikitin zagaya duniya

Duk lokacin da wani matashi daga Aboabo ko Asawase a nan Kumasi ya shigo shagona da waya a hannu yana cewa, "Alhaji, don Allah duba min wannan hanyar," kafin ya nuna min na san abin da zan gani. Ya ja layi daga Accra zuwa Landan, daga can zuwa New York, ya tsallaka Tokiyo, ya biyo ta Dubai ya dawo gida. Ya haɗa kuɗin tikitin, har ya juya shi zuwa sidi. Na gaji da zaunar da kowa shi kaɗai ina maimaita magana ɗaya, shi ya sa na ga gara in rubuta ta, wanda ya zo nan gaba sai in tura masa ya karanta.

Babban kuskure, wanda sauran duk 'ya'yansa ne, shi ne fara shiri da taswira da farashi. Waɗanda kuke kallo a YouTube suna zagaya duniya da 'yar jaka a baya, mafi yawansu fasfon Jamus ko Amurka ko Ostareliya ke aljihunsu. Kai fasfon Ghana gare ka, kuma shi ne zai zana maka hanya, ba son ranka ba. Kowa ya san ana neman bizar ƙasar da za a je. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne bizar wucewa, wato ta ƙasar da jirgi zai ajiye ka na awa biyu ko uku ka canza wani. Ghana tana cikin jerin ƙasashen da yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu, ya ɗora wa bizar wucewa ta filin jirgi, tare da Nijeriya da Habasha da Pakistan da wasu. Ko ba za ka leƙa waje ba, ko kujera kawai za ka zauna a Amsterdam ko Brussels, sai da ita, in dai ba ka riƙe da biza mai rai ta Amurka ko Kanada ko Japan ko ta Shengen ɗin kanta. Ingila tana da irin tata. Kanada ma haka, Ostareliya ma haka. Amurka kuwa tun 2003 ta rufe wucewa ba biza, kuma duk wanda jirginsa ya sauka can sai ya bi layin shige da fice kamar mai shiga ƙasa, ko da Meziko zai wuce.

Wannan ya taɓa cin kuɗina, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci. Na yanki tikitin zuwa Brazil ta wani birni a Turai, bizar Brazil tana cikin fasfona, na yi sallama da iyali a Kumasi, Hajiya har ta raba sadaka. A filin jirgin Accra yarinyar da ke kan kanta ta buɗe fasfon, ta duba kwamfuta, ta sake juya shafukan, ta ce ba zan hau ba. Na yi roƙo, na nemi babbansu, na nuna cewa ba fita zan yi ba. Ba su da laifi: kamfanonin jirage suna duba wata ma'ajiyar dokokin shiga ƙasashe mai suna Timatic, ta ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya wato IATA, kuma in suka ɗauki wanda takardunsa ba su cika ba, su za a ci tara, su kuma za su mayar da shi. Wanda ya sayar min da tikitin bai ce min uffan ba game da wannan, da na kira shi sai ya ce ai aikinsa tikiti ne, biza tawa ce. Ribar da na daɗe ina tarawa daga kasuwa ta tafi a daren nan, na kwana a Nima gidan ɗan'uwa, washegari na hau mota na koma Kumasi da akwatina ina kunyar haɗa ido da maƙwabta.

To ku saurara, samari. Kada wanda ya biya ko pesewa ɗaya kafin ya rubuta kowane filin jirgi da tayar jirginsa za ta taɓa, ba garuruwan da zai kwana kaɗai ba. Ni ɗan littafi nake ɗauka, kowane gari da shafinsa, a sama in rubuta: ana neman biza ko ba a nema, ta shiga ko ta wucewa, a ina ake karɓa, kwana nawa take ɗauka. Sannan in tabbatar a shafin ofishin jakadancin ƙasar da kansa, ba a bakin wani ɗan koneshin ba. Akwai kuma wani tarko da ko tsofaffin matafiya suna faɗawa: in jirginka zai sauka sau biyu a cikin Shengen, misali Brussels sannan Frankfurt kafin ya wuce Asiya, tsakanin garuruwan biyu tafiyar cikin gida ce, ke nan ka shiga ƙasa, bizar wucewa ba ta isa ba, sai cikakkiya. Ni dai al'adata, in akwai hanya ta Addis Ababa ko Istanbul ko Doha ko Dubai, can nake bi, ko da ta fi tsada kaɗan, domin da tikiti ɗaya mutum yana canza jirgi a waɗannan wurare ba tare da an nemi biza ba muddin bai fita ba.

Inda abin ya fi wuya shi ne tsallaka tekun Pasifik, don mafi yawan jiragen ta Amurka ko Kanada suke bi. Wanda ba shi da bizarsu bai kamata ya yanke ƙauna ba. Qantas yana tashi tsakanin Sydney da Santiago ta Chile, ANA yana haɗa Tokiyo da birnin Meziko. Tekun Atlantika kuma Ethiopian yana tsallaka shi daga Addis Ababa zuwa Sao Paulo. Sai dai ka duba ko hanyar tana nan a lokacin da za ka saya, don kamfanoni suna buɗewa suna rufewa. Ka kuma jingina tafiyarka da ƙasashen da ke karɓar mu hannu biyu: ƙasashen ECOWAS, Singafo, da Afirka ta Kudu wadda ta cire wa 'yan Ghana biza a 2023. Biza mafi wuya ita ake fara nema, in ta fito sai a gina sauran a kanta. Ka sani kuma Shengen ba ta karɓar takardar nema sai saura wata shida ko ƙasa da haka a yi tafiya, kuma a ƙasar da kake zaune ake nema. Saboda haka mai tafiyar wata takwas da ya ajiye Turai a ƙarshe ya ɗaure kansa. Ya sa ta a farko.

Sai batun tikitin kansa. Mutane da yawa ba su ma san akwai tikiti na musamman na zagaya duniya ba, wasu kuma sun ji labarinsa suna zaton shi ne ya fi araha ko yaushe. Ƙawancen kamfanonin jirage ne ke sayar da shi. Star Alliance, wadda aka kafa a 1997, da mil take lissafi: mil 29,000 ko 34,000 ko 39,000, alhali zagayen duniya ta tsakiyarta kusan mil 24,900 ne, ka ga akwai sarari amma ba mai yawa ba. Oneworld, ta 1999, tana da tikitin Explorer wanda ake lissafawa da yawan nahiyoyi, daga uku zuwa shida. Dukansu tashi 16 ne iyaka, cikin shekara ɗaya za ka gama, ka tsallaka Atlantika sau ɗaya da Pasifik sau ɗaya, kuma in ka fuskanci gabas ka ci gaba da gabas, in yamma yamma. Mu a Accra Star ta fi yi mana hidima, don Ethiopian da Turkish da EgyptAir da Brussels Airlines da United duk nata ne, yayin da British Airways da Qatar Airways da Royal Air Maroc ke ɓangaren Oneworld. Emirates, wanda 'yan kasuwarmu suka fi sabawa da shi, ba ya cikin kowane ƙawance, kada ka sa shi a wannan lissafi. In garuruwan da za ka tsaya uku ne ko huɗu, sau da yawa tikiti ɗaya na garuruwa da dama daga hannun ejan mai rajista da IATA ya fi sauƙi. In sun kai bakwai ko takwas a nahiyoyi daban-daban, ko kana son damar ɗaga rana, na ƙawancen ya fi. Ka nemi farashin duka biyun tare da haraji da kuɗin mai, don farashin da ake fara nuna maka ba shi ne na ƙarshe ba, kuma tashi daga Landan bayan ka kwana biyu a can yana da haraji mai nauyi.

Kuskure na biyu da ke tafasa min jini shi ne tsallake tashi ɗaya a tsakiyar tikiti. Tikitin nan kamar carbi yake, igiya ɗaya ce ta ratsa duka, in ta tsinke a wuri ɗaya sauran duk sun zube. Wani ƙanena da muka yi tafiya tare ya ga cewa daga Singafo zuwa Kuala Lumpur mota tana zuwa cikin 'yan awoyi, ya ce bari ya bi ƙasa ya ga gari, mu haɗu can. Bai gaya wa kamfanin ba. Da jirgi ya tashi ba shi a ciki, kwamfuta ta soke duk sauran tafiyarsa har zuwa gida. Ni na tsaya ina kiran Kumasi da tsakar dare a haɗo kuɗi, aka saya masa sabon tikiti a farashin ranar, wanda ya fi kowane farashi zafi. Haba jama'a! Mutum ya tara kuɗi shekara da shekaru, amma ya kasa karanta shafi biyu na sharuɗɗa? In kana son bin mota ko jirgin ƙasa tsakanin gari biyu, ka faɗa tun wajen yanka, a rubuta wannan yankin a matsayin tafiyar ƙasa. Zai ci ɗaya daga cikin 16 ɗin nan, a tikitin mil kuma za a lissafa nisansa, amma tikitinka yana nan daram. In kuma rashin lafiya ko wani uzuri ya hana ka kama jirgi, ka kira kafin ya tashi, ba bayan ya tashi ba. Ɗaga rana yawanci abu ne mai sauƙi, canza hanya ne ake biya.

Ɗan'uwan wannan shi ne haɗa tikiti biyu na kamfanoni daban don a rage dala hamsin. Araha ba ta ado. In na farko ya makara, na biyu bai san da kai ba. Akwatinka kuma sai ka fita ka ɗauko ka sake aunawa, fita kuwa shiga ƙasa ce, ga biza ta sake dawowa. Ni ko a tikiti ɗaya ba na yarda da canjin jirgi ƙasa da awa uku. Wasu suna cewa na cika tsoro, amma ina son in yi alwala in yi sallah a natse.

Suna ma yana ba mu wahala fiye da sauran mutane. Fasfo ya ce Mohammed, kai ka rubuta Muhammad. Fasfo ya ce Abubakari, ejan ya rubuta Abubakar. Ka ɗauki hoton shafin fasfo ka tura, harafi da harafi a kwafa, kuma ka duba kafin ka biya. Takardar da aka ba ka kuma ka tabbata tikiti ce ba ajiyar kujera ba: tikiti na gaske yana da lamba mai alƙaluma 13, kuma in ka shigar da lambar ajiyarka a shafin kamfanin za ka gan shi. Wanda ya karɓi kuɗinka ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ya ce lambar tana zuwa gobe, ka bi shi a ranar.

Fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ranar dawowarka, ba ranar tashinka ba, kuma mai doguwar tafiya ya nemi mai shafi 48, don kowace biza shafi guda take ci. Katin rigakafin zazzaɓin shawara ya zauna cikin fasfo. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, amma ba kati ba shiga a ƙasashe da yawa ga wanda ya fito daga Ghana. Inshorar lafiya kada a yi wasa da ita, Shengen ma ba ta ba da biza sai da mai ɗaukar nauyin jinya na aƙalla Yuro 30,000. Mun saba da akwati biyu masu kilo 23 daga Accra, sai mutum ya isa Asiya ya tarar ƙananan jirage irin su AirAsia kilo 7 na hannu kawai suka yarda kyauta. Akwati ɗaya ya isa, tsaraba a saya a zangon ƙarshe. Jirgin ƙarfe 00:30 na Talata, daren Litinin ake zuwa filin jirgi. Mai tsallaka Pasifik zuwa yamma rana guda tana ɓace masa a kalanda, mai bin gabas ya maimaita rana, a kula da wannan wajen kama ɗakin otal. Damina a Indiya daga Yuni zuwa Satumba take, kuma a daidai lokacin sanyi ake a Chile da Ostareliya. Mai son ya haɗa da Umra ya duba kalandar Musulunci, don ana tsaurara shiga Makka gab da aikin Hajji. Abincin halal a cikin jirgi tun kwana biyu kafin tashi ake nema. Katin banki kuma ka je reshenku ka tambayi iyakar abin da za ka iya cirewa a waje, ka riƙe kati biyu da 'yan daloli sababbi, don MoMo ba zai saya maka ko ruwa a Tokiyo ba.

Mu na Kumasi akwai namu na musamman. Kada ka kama jirgin Kumasi zuwa Accra ko bas ɗin kamfanin VIP a ranar da babban jirginka zai tashi. Wannan ɗan guntun ba ya cikin tikitinka, in aka soke shi ko cunkoson Nsawam da Pokuase ya riƙe ka, tashin farko ne ka rasa, kuma ka ji abin da ke biyo bayan rasa tashi ɗaya. Ka sauka Accra kwana ɗaya kafin ranar, ka kwana wurin dangi a Nima ko Mamobi, ka isa filin jirgi awa uku kafin lokaci da kowace takarda a buge a hannunka, ba a cikin waya kaɗai ba.