Yadda ake gane furosesar da zare yake gudana a kanta

Sababbin masu rubuta manhaja sukan tambaye ni: wannan zaren (thread, wato layin aiki guda a cikin manhaja) na manhajata, a kan wace furosesa (CPU) yake aiki yanzu? Samun amsar layi ɗaya ne. Abin da ake yi da amsar shi ne ke kayar da mutane.

A Linux, daga cikin zaren ka kira `sched_getcpu()`. Lamba zai ba ka, kuma ƙidayar daga 0 take farawa. Ka sa `#define _GNU_SOURCE` can saman fayil, kafin kowane `#include`, sannan ka kawo `<sched.h>`. Na sha ganin wanda ya sa ta a ƙasa, kwamfaila ya yi ta ƙorafi, mutumin kuma ya ɗora wa glibc (laburaren C na GNU da ake amfani da shi a Linux) laifin tsufa, alhali tun siga ta 2.6 abin yana ciki. A Windows kuwa `GetCurrentProcessorNumber()` ne. Idan furosesocin injin sun haura 64, Windows kan kasa su rukuni-rukuni, sai ka koma `GetCurrentProcessorNumberEx()`, wanda zai haɗa maka rukunin da lambar.

In manhajar ba taka ba ce, a Linux buga `ps -T -o tid,psr,comm -p` ka ƙara lambar manhajar da ke gudana (PID), ka duba ƙarƙashin PSR. Ka rabu da karanta fayil ɗin `stat` na cikin `/proc` da hannu. Amsar tana fili na 39, gaskiya ne, amma da zarar sunan zaren ya zo da tazara a tsakiya, ƙidayar filaye ta `awk`, mai raba layi da tazara, ta goce.

To ga inda na sha ƙasa. Lambar da ka samu labarin baya ce. Mai rabon aiki na kanel (zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta) yana iya ɗauke zaren daga furosesa ta 2 ya mai da shi ta 5 tun kafin layin gaba ya gudana, kuma ba zai yi maka sallama ba. Na taɓa ware wa kowace furosesa gurbinta na ƙirge, na ce ai makulli, wanda ke hana zare biyu rubutu a wuri ɗaya lokaci guda, ba shi da amfani tunda kowa gurbinsa daban. Zare ya tambaya, a ce masa 2, a matsar da shi, ya ci gaba da rubutu a gurbi na 2 daidai lokacin da wani zaren ke rubutu a nan. Ƙirgen ya riƙa zuwa da giɓi kaɗan-kaɗan, ba kullum ba, sai injin ya ɗauki nauyi. Kwana uku ina zargin wurin da ba shi da laifi. In kana so ka gani da idonka, sa kiran cikin madauki, ka buga lambar duk sanda ta canza, sannan ka kunna wani aiki mai nauyi a gefe.

Saboda haka in dai aikinka ya dogara da lambar, ɗaure zaren a furosesa ɗaya tukuna: `pthread_setaffinity_np()` a Linux, `SetThreadAffinityMask()` a Windows. Don gwaji kawai, `taskset -c 2` a gaban sunan manhajar ya wadatar, sai dai duk zarurrukanta zai tara a wuri guda. Ni ba na ɗaurewa sai na auna na ga riba, don sau da yawa kanel ya fi ni iya rabo.

Kuma lambobi biyu ba lallai ƙwayoyin furosesa (core) biyu na zahiri ba ne. Inda Hyper-Threading, dabarar da ke sa ƙwaya ɗaya ta gudanar da zare biyu, ke kunne, ƙwaya ɗaya kan bayyana da lamba biyu. A Linux, buga `lscpu -e` ka kwatanta CPU da CORE kafin ka zaɓi inda za ka ɗaure.