Yadda za ka binciko tarihin unguwarku da ƙafa

Ka fita da sassafe, kafin motoci su cika titi, da ɗan littafin rubutu da waya mai caji. Layi biyu ko uku sun ishe ka a fita ɗaya.

Fara da siffar hanyar kanta. Titin da ya miƙe sambal, yawanci masu awo ne suka zana shi a takarda kafin a yi gini. Mai lanƙwasa kuwa sau da yawa tsohuwar hanyar ƙafa ce, ko gefen wani rafi da aka cike. Idan an yi ruwan sama, duba inda yake kwanciya, domin ruwa ba ya mance hanyarsa.

Sai ƙofofin gidaje, kuma ni a nan na fi daɗewa. Gidan da sai ka gangara taki ɗaya ko biyu kafin ka shiga, galibi ya girmi titin da ke gabansa: duk gyaran da aka yi, titi yana ƙara tudu, gida yana nan inda yake. Lura da tagar da aka toshe da bulo, da inda launin bango ya canja a sama, alamar daga baya aka ɗora benen. Murfin kwalbati na ƙarfe da allon harsashin makaranta sukan zo da shekara a rubuce. Ɗauki hoto, ka rubuta wurin nan take.

Idan ka samu dattijo, kada ka ce ya ba ka tarihin unguwa, abin da kowa ya sani zai maimaita maka. Nuna masa abu ɗaya: "Baba, rijiyar nan da aka rufe, wa ya haƙa ta?" A nan baki yake buɗewa. In shekara ta kwanta masa, tambaye shi ko kafin a kawo lantarki ne ko bayan nan. Ka nemi tsofaffin mata ma, su suka fi riƙe wanda ya zauna a wane gida. Kada ka naɗi muryar kowa sai da izininsa.

Da ka koma gida, buɗe Google Earth, manhajar da ke nuna hotunan ƙasa daga sama. Tun 2009 yake da wurin duba tsofaffin hotunan sama, za ka iya ganin fili kafin ya zama gini. Ka kuma nemi tsohuwar taswira a ɗakin karatu ko ma'ajiyar tarihi. Inda bayanin mutum biyu ya saɓa, rubuta duka biyun da ranar da ka ji kowanne, sannan ka kai tambayar wurin mutum na uku.