Yadda ake duba sirdin makiyayan Amurka kafin a ɗaura wa doki

Idan aka ajiye min sirdin kiwo irin na yammacin Amurka, ban damu da zanen furannin da aka yi wa fatarsa ba. Igiya nake fara tunawa, domin ita ta ba shi siffarsa. Mutanen Sifaniya ne suka kai dawakai da sirdinsu Meziko tun zuwan Kotes, jagoran mayaƙansu, a 1519, sai makiyayan can suka ga ba mai iya riƙe bijimi da hannu daga kan doki. Suka fitar wa kwacciyar gaba da ƙaho, wurin naɗe igiya. Da yawa daga cikin gyare-gyaren da suka biyo baya, don sirdin ya jure wannan fizgar aka yi su.

Saboda haka fara da ƙashin sirdin, wato itacen da ke ciki. Na aiki na gaske itace ne da aka lulluɓe da ɗanyar fata, aka ɗinke ta tana jiƙe, ta bushe ta ƙame a jikinsa. Kafa goshin sirdin a ƙasa, ka danna kwacciyar baya da ƙarfi, sannan ka kama ƙahon ka murɗa. In ka ji motsi ko ƙara, itacen ya karye, kuma ba man da za ka shafa ya gyara shi. Bar shi. Nauyi kada ya tsorata ka, wasu sukan kai kilo 20, amma faɗin itacen yana raba nauyin a bayan dokin da zai wuni a bayan shanu.

Sai majayi, kuma a nan ne tarihin ya rabu biyu. Makiyayan Kalifoniya suna aiki da dogon ƙiri, su naɗe shi a ƙaho, su sassauta in dabba ta fizga, don haka majayi ɗaya a tsakiya ya ishe su. Na Tegzas, waɗanda suka riƙa kora garkuna zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilin a Kansas daga 1867, gajeriyar igiya suke ƙullewa tamau a ƙahon. Bijimi ya ja, bayan sirdin ya ɗaga, shi ya sa suka ƙara majayi na biyu. Ni na fi son mai biyun, amma da sharaɗi: ka ja na gaba tukuna, na baya ya taɓa cikin dokin ba tare da ya matse ba, kuma ka tabbata akwai ɗan maɗaurin da ke haɗa su. Na baya in ya yi sako-sako, doki na iya sa kofato ciki yana korar ƙuda; in ya zame zuwa kwiɓi kuwa, tutsu za ka sha. Wajen kwancewa, na baya ake fara cirewa.

Yanzu ɗora shi a bayan dokin ba tare da zubka ba. Yatsu biyu zuwa uku su shiga tsakanin sirdin da tudun kafaɗa. Zura tafin hannunka ƙarƙashinsa, ka bi daga gaba zuwa baya, ka ji ko akwai inda ya cije ko inda ya bar rami. Bayan an yi sukuwa ka duba gumi: busasshen wuri a tsakiyar jiƙaƙƙen baya alama ce ta matsi, daga nan miki ke farawa, ya warke ya bar farin gashi. Ƙara kaurin zubka ba ya maganin sirdin da ya yi wa doki kaɗan, ƙara matse shi yake yi.

Likkafa ta zama mai faɗi, mazauni kuma, wanda yawanci inci 15 zuwa 16 ne ga babba, ya bar maka kamar faɗin tafin hannu tsakaninka da kwacciyar gaba. In za ka naɗe igiya, lulluɓe ƙahon da fata ko roba, kuma babban yatsanka ya kalli sama, don igiya ta sha guntule na mutane a wurin.